Yadda muka raba laftof ɗina da ƙarar fanka a Madina

Ƙarar fankar laftof iri biyu ce, tawa kuwa ta haɗa su duka a shekarar da nake rubuta risalar digiri na biyu a nan Madina. Akwai huci, wato ƙarar iska zalla, wadda ke tashi idan na'urar ta ɗau zafi, ta kuma lafa idan ta huce. Akwai kuma gurnani, ƙarar abu na gogar abu, wadda ba zafin na'urar ke tayar da ita ba. Maganinsu ba ɗaya ba ne, kuɗinsu ma ba ɗaya ba, shi ya sa yanzu duk ɗan'uwan da ya ce mini fankarsa na damunsa, tambayata ta farko ita ce wace irin ƙara take yi.

Kwamfutar tawa ta kwana biyu. Ta hannu na saye ta tun ina Zariya, mai furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, Core i5-8250U, irin wanda ya fito a 2017. Aikin da nake ba ta ba mai nauyi ba ne: Word, manhajar littattafan Larabci ta Maktaba Shamila, littattafan PDF da aka ɗauki hoton shafukansu, sai burauza. Duk tsawon hunturu ko motsinta ba na ji. Hucin ya fara ne bayan iskar ƙurar da akan yi wajen Maris da Afrilu, ya kuma yi ƙamari da shigowar zafi. Zafin Madina a Yuni da Yuli ba sai an ba wa kowa labari ba, da rana ya haura digiri 40 kusan kullum, wani lokacin ya taɓa 45. Masu ƙera laftof kuwa galibi digiri 35 suke rubutawa a matsayin iyakar zafin wurin da ya kamata a yi aiki da ita. Mukayyif ɗin gidan da muke haya, wato na'urar sanyaya ɗaki, tsoho ne, irin na taga, falo kaɗai yake iya sanyayawa da kyau. A ɗakin karatu na jami'a ma, inda sanyi ya wadata, ba ta fasa ba. Sai da ta kai ɗalibin da ke kusa da ni ya kwashi littattafansa ya sauya teburi ba tare da ya ce mini komai ba.

Kafin in taɓa komai na kwafe risalar a filashi, na kuma tura wa kaina ta imel. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kwamfutar da ke zafi haka tana iya ɗaukewa a tsakiyar rubutu.

Na fara da abin da ba ya cin kuɗi. Idan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka danna kan layin CPU ya jera maka manhajoji daga wadda ta fi jan ƙarfi zuwa ƙasa. Na tarar da burauza da shafuka barkatai a buɗe, da wata manhajar tura fayiloli zuwa ma'ajiyar intanet wadda na manta ma da ita, da wasu da ke tashi da kansu da zarar an kunna kwamfuta. Na rufe na rufewa, na hana na hanawa. Akwai kuma abin da ya kamata mutum ya sani don kada ya tayar da hankalinsa a banza: Talata ta biyu a kowane wata Microsoft ke sakin sabuntawar Windows, a agogon Saudiyya da daddare take isowa, saboda haka ranar Laraba da safe fanka kan yi ta huci na ɗan lokaci tana girka abin da ya sauka. Wannan ba ciwo ba ne. Abin da ke ciwo shi ne ka ga wata manhaja da ba ka san sunanta ba ta riƙe furosesa a kashi 80 ko 90 dare da rana, don akwai ɓarayin manhajoji da ke haƙar kuɗin kirifto da kwamfutar mutum bai sani ba.

Ni ba wannan na gani ba. Bayan shara, furosesa ya sauko ƙasa da kashi 10, amma fanka tana nan tana huci kamar da. Sai na sauko da HWMonitor, ƙaramar manhaja ce ta kyauta da ke nuna zafin kayan ciki. Kwamfutar na zaune ba ta aikin komai, zafinta na yawo tsakanin 68 da 72, alhali mai lafiya a irin wannan hali tsakanin 40 da 50 take zama. Da na buɗe wani babban littafi mai juzu'i da yawa sai ta haura 97. Iyakar wannan furosesan 100 ne, idan ya matso nan da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Ashe dalilin da ya sa nake buga harafi sai ya yi jinkiri kafin ya fito a allo ke nan.

Gwajin da ya fi gamsar da ni ba na manhaja ba ne. Na yagi siririn tishu na riƙe shi a bakin ramin da iska ke fita. Ga ƙara har ana ji daga tsakar gida, amma tishun da ƙyar yake motsi, ɗan abin da ke fitowa kuma zafi ƙuna. Fanka na juyawa iyakar ƙarfinta, iska ba ta samun hanya.

Akwai wata dabara da ɗalibai ke yaɗawa a tsakaninsu, na kuma gwada ta. A Control Panel, cikin Power Options, can cikin saitin da ya yi zurfi, akwai layin Maximum processor state. Idan ka mayar da shi 99 daga 100, furosesa zai daina tsallen nan da yake yi zuwa gigahaz 3.4, ya tsaya wajen 1.6. Zafi ya ragu nan take, ƙara ma ta ragu, kuma ga mai rubutu da karatu bambancin gudun ba ya damuwa sosai. A wasu kwamfutocin ba a ganin wannan layin. Ya taimake ni na ƙarasa babin da mushrif, malamin da ke duba risalata, ke jira, amma ban ɗauke shi magani ba, don abin da ya toshe hanyar iska yana nan inda yake. Manhajojin da ke tilasta wa fanka rage gudu kuwa ko kusa ban je musu ba. Fankar da ke huci aikinta take yi, idan ka rufe mata baki zafin bai je ko'ina ba, yana cikin bod, wato babban allon da kayan ciki ke kai, da batir.

Shawara kam na sha ta. Wani ya ce in yi fomat, kamar ƙura na zaune cikin Windows. Wani ya ce in sayi faifan sanyaya da ake ɗora laftof a kai, wanda amfaninsa ɗaga ta ne daga ƙasa, abin da littafi biyu ma za su yi. Wani ya ce kawai in sayi sabuwa tunda a lokacin ana shirin daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, bai san tawa na cikin waɗanda Windows 11 ya karɓa ba. Wadda ta fi haɗari ita ce ta abokina da ya ce mu biya banshar, wajen masu facin taya, a hura mata iska da kwamfaresa. Iskar nan tana zuwa da danshi da ɗigon mai, ƙarfinta kuma kan juya ƙaramar fanka fiye da gudun da aka ƙera ta da shi, ya cinye mata boris ko ya karya fuka-fuki. Ko bai yi wannan ɓarnar ba, cikin kwamfutar zai tura ƙurar, ba waje ba.

Ana cikin haka gurnani ya shigo. Da asuba idan na kunna ta sai ta fara da wata ƙara kamar injin markaɗe ya haɗu da tsakuwa, ta yi minti ɗaya ko biyu sannan ta daidaita. Idan na karkata kwamfutar sai sautin ya sauya, idan na ɗan ƙwanƙwasa gefenta ya ɗauke na ɗan lokaci. Mai tsohon faifan ajiya irin mai juyawa dole ya saurara da kyau a nan, don shi ma yana ƙara idan ya kusa mutuwa, ƙas-ƙas-ƙas, kuma wannan maganar ceton fayiloli ce ba ta fanka ba. Tawa SSD gare ta, babu abin da ke motsi a cikinta sai fankar.

Wani babban yayanmu a karatu ne ya haɗa ni da mai gyaran da duk ɗaliban Hausawa ke kira Kawu. Haifaffen Madina ne. Kakansa ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya ratsa Sudan, ya tsallako Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda, bai koma ba. Hausar Kawu tsaf take, sai dai rabin kalmomin aikinsa na Larabci ne. Bayan Isha na same shi a ƙuryar shagon da yake aiki.

"Kawu, barka da dare. Ya aiki?"

"Marhaban da Ustaz. Ya karatu, ya iyali? Kunna ta mu ji."

Bai ɗauki sukundireba ba sai da ya kara kunnensa a jikinta, ya karkata ta hagu da dama, ya sa bayan hannunsa a bakin ramin iska.

"A kan me kake ɗora ta?"

"Kan kafet, Kawu. Wani lokacin kan matashi."

"Uwargida na turaren wuta?"

"Safe da yamma."

Ya yi dariya ya ce to gani ya kori ji.

Yadda ya buɗe ta ya burge ni, don babu gaggawa a ciki. Ya kashe ta gaba ɗaya, ya zare caja, ya kifa ta a kan tsumma. Kowane noti ya kwance sai ya ajiye shi a kan faranti mai maganaɗisu daidai gurbin da ya fito, saboda ba tsawonsu ɗaya ba, kuma dogon noti a gajeren rami yana iya huda abin da ke ƙasansa. Murfin ya bi shi da siririn roba, ba da ƙarfe ba. Da ya ɗaga, abu na farko da ya yi shi ne zare wayar batir daga bod, sannan ya danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don sauran wuta ta fita. Ya ce mai kwamfutar da garantinta bai ƙare ba ya fara duba takardarsa kafin ya kai ga wannan matakin.

Ya nuna mini hanyar da zafi ke bi. A kan furosesa akwai farantin jan ƙarfe da noti huɗu ke dannewa. Daga nan wani shafaffen bututun jan ƙarfe ya miƙe zuwa gefen kwamfutar. Bututun a rufe yake ruf, da ɗan ruwa kaɗan a ciki, an kuma zuƙe iskar cikinsa, saboda haka ruwan na zama tururi tun zafi bai kai ko'ina ba. Tururin ya gudu zuwa ƙarshen da ya fi sanyi, ya koma ruwa, ya dawo ta jikin bangon bututun. A wannan ƙarshen ne ɗan lagireto yake, siraran ƙarafa a jere kusa da kusa, fanka kuma na zuƙo iska daga ƙasan kwamfutar ta tura ta tsakaninsu zuwa waje. Duk wanda ya ɗora laftof kan kafet ya rufe ƙofar shigar iska, kuma abin da ta samu ta zuƙa gashin kafet ne.

Daga sama fankar ba ta yi wani datti ba, har na fara tunanin ko ba nan matsalar take ba. Sai da ya kwance notinta ya ɗaga ta. Tsakanin bakin fankar da lagireto akwai wani dunƙule mai launin toka da ya toshe wurin daga wannan gefe zuwa wancan. Ya sa hantsaki ya kama gefensa, ya taho gaba ɗaya bai warwatse ba, tsawonsa ya kai ɗan yatsa, da sawun ƙarafan lagireto a jikinsa layi-layi. Akwai jan zaren kafet ɗinmu a ciki, da gashi, da ƙasa mai laushi. Ya miƙo mini ya ce in shinshina. Ƙamshin turaren gidana ne sak.

"Ƙura kaɗai busasshiya ce, Ustaz, rabinta na wucewa. Amma hayaƙin bukhur yana da maiƙo. Shi ke kama ta ya manne, gashin kafet ya zo ya saƙe su."

Ya danne fuka-fukan da yatsa don kada su juya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin buroshi, sannan ya hura lagireton da bulowar hannu daga ciki zuwa waje. Inda maiƙon ya kama ya goge da auduga da sifirit, irin mai ƙarfi da ke bushewa nan take. Ya ɗaga lagireton saitin fitila, sai da haske ya ratsa kowane layi sannan ya ajiye.

Tunda an riga an buɗe, ya ce a sauya ma'ajun, man nan mai launin toka da ake shafawa tsakanin furosesa da farantin jan ƙarfe. Fuskokin biyu a ido sumul suke, amma akwai ƙananan ramuka da iska ke maƙalewa a ciki, iska kuwa ba ta wuce da zafi, man ne ke cike su. Nawa ya bushe ya farfashe, da farce ma yana ɓarewa. Notin huɗun akwai lamba a gefen kowanne, 1 zuwa 4, ya bi su a jere kaɗan-kaɗan wajen kwancewa da ɗaurewa don farantin ya zauna daidai. Ya ɗaga bututun a hankali, ya ce idan ya lanƙwashe ko ya huje ya tashi aiki, ba a gyara shi. Sabon man ɗigo ɗaya ya sa, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Yawansa ba ya ƙara sanyi, malala kawai yake yi gefe.

Da aka haɗa aka kunna, na mayar da saitin nan 100, muka buɗe HWMonitor. Tana zaune 46. Na buɗe littafin da ya kai ta 97, ta tsaya wajen 78. Tishu a bakin rami ya miƙe yana kaɗawa. Huci ya tafi.

Gurnanin dai bai tafi ba, kuma Kawu ya faɗa mini haka tun kafin ya rufe murfin. Lokacin da fankar ke hannunsa ya kaɗa ta da yatsa, maimakon ta yi ta juyawa sai ta tsaya da wuri, da ya taɓa gefen fuka-fukan kuma suka yi lilo sama da ƙasa. Irin waɗannan ƙananan fankoki yawanci sandar tsakiyarsu cikin bushin take juyawa da ɗan mai. Shekaru da zafi sun busar da man, bushin ya ci, sandar ta samu wurin wasa. Shi ya sa ta fi ƙara da asuba kafin ta ɗumama, shi ya sa kuma karkata ta ke sauya sautin. Tawa irin wadda fuka-fukanta ke zarewa ce, ya zare ya goge sandar, ya ɗiga mata man keken ɗinki. Ya gargaɗe ni da man fesawar nan na kwance tsatsa, ya ce wanke sauran man yake yi ya bar wurin a bushe.

"Wannan na riƙon ƙwarya ne. Zai kai ka wata ɗaya, zai iya kai ka uku. Ƙarfen da ya ci ba ya dawowa, marwaha sabuwa za ka nema."

Neman fankar ya fi gyaran cin lokaci. Sunan samfurin laftof kaɗai ba ya isa, don samfuri ɗaya kan zo da fanka iri biyu, ta mai katin hoto daban da ta marar shi. Kawu ya sa na ɗauki hoton takardar da ke manne a bayanta: lambar kayan, da DC 5V, da adadin amfiya. Ya sa na ƙirga wayoyin da ke shiga soket, huɗu ne, biyu na wuta, ɗaya na gaya wa bod gudun da take yi, ɗaya na karɓar umarnin ƙara gudu ko ragewa. Mai waya uku ba za ta zauna a gurbinta ba. An yi mini tayin ta hannu da aka ciro daga matacciyar kwamfuta, da araha sosai, na ƙi, don sa'ar tawa ce, ƙurar garin nan ita ma ta sha. Masu ita sabuwa a cikin gari sun tsuga kuɗi, ga harajin kashi 15 a kai. Na yi oda ta intanet, na jira ta 'yan makonni. Kafin ta iso gurnanin ya fara dawowa, kamar yadda aka faɗa.

Ranar da na kai masa, Kawu ya tura mini sukundireba ya ce wannan karon ni zan ɗaura, shi kallo zai yi. Aikin bai taka kara ya karya ba: zare batir, noti uku, soket ɗaya. Wuri biyu kawai ya tsayar da ni. Soket ɗin fanka ƙarami ne ƙwarai, kansa ake kamawa da farce a ja a miƙe, ba wayoyin ba. Sannan wayar sabuwar sai an bi da ita ta cikin 'yar hanyar da aka yi mata a gefen gidan fankar, in ba haka ba murfi zai danna ta kan fuka-fukai, ka rufe ka ji sabuwar ƙara ka zargi mai sayarwa. Kafin mu ɗaure murfin ya sa na mayar da batir na kunna, muka ga ta juya, ta tsaya, ta sake tashi lokacin da zafi ya hau. Kuɗin aikin nan na biyu ya ƙi karɓa, ya ce in sa shi a addu'a a Rauda.

A gida na samo ɗan gajeren teburi irin na masu karatu a ƙasa, na liƙa roba biyu a ƙasan kwamfutar ta baya don ta ɗan ɗago. Maganar turare kuwa ba a kai ruwa rana ba. Uwargida ta ce, "Malam, ni dai ba zan bar turarena saboda na'ura ba," na ce ban nema ba. Idan ta ɗauko kasko sai in kashe kwamfutar in sa ta a jaka har hayaƙin ya lafa. Kawu ya ce a kowace shekara, bayan iskar ƙura ta wuce kafin zafi ya kankama, in buɗe in ɗaga fankar in share bakin lagireto, ma'ajun kuwa ba sai an taɓa shi kowane zuwa ba, yana yin shekaru.

Har yanzu fankar na tashi idan na buɗe manyan littattafan hoto, ko ranar Larabar sabuntawa, ko da azahar idan na yi aiki a ɗakin da mukayyif ba ya kaiwa. Takan yi minti kaɗan ta sauka. Da na duba a tsakiyar Agusta, zafin kwamfutar na zaune tsakanin 47 da 50 a falo, a ɗakin ciki kuma 55.